Wanka a tsohuwar bas, da yaron da muka kira daƙiƙi

A Sabon Gari, nan Maradi, maƙwabcina ya mai da tsohuwar bas ɗakin kwanan samarinsa. Rufin gajere ne, sai ya so a fasa shi a sa shawa. Ɗalibina mai koyon walda bayan lakwal ya ce: "Baba, ai a zaune muke wanka." Ya ɗora jarka mai lita 25 bisa rufi, ya jawo tiyo, ya aje kujera, ya karkata bututu zuwa rami don gudun tsatsa da sauro.

Yaron nan lissafi ke kada shi a aji. Malamai da iyaye, awon gangara da nauyin ruwa ba lissafi ba ne? Ni dai na ji kunya. Mu kai darasi inda hannunsa yake.