Amina Ta Zazzau A Hannun Masu Wasan Kwamfuta

Ran 11 ga watan Fabrairu na 2025 wani kamfanin Amurka mai suna Firaxis ya fitar da kashi na bakwai na wasan kwamfutar nan da ake kira Civilization, wanda aka soma tun 1991. A cikin wasan mutum yakan zaɓi wani mashahurin shugaba, ya kafa birni, ya yi noma da fatauci da yaƙi, har ƙasarsa ta bunƙasa ko kuwa ta rushe. Abin da ya sa zancen ya shigo wannan fili shi ne, cikin shugabannin da aka jera tare da Augustus na Rum da Konfushiyas na Sin, har da Amina ta Zazzau.

Ba wannan ne karon farko ba. A watan Agusta na 2021 kamfanin Microsoft ya ƙara Hausawa da Habashawa a cikin wani wasan yaƙi mai suna Age of Empires III, aka sa Amina ta zama jagorar Hausawa, aka kuma mai da Kano babban birninta. Zage-zagi dai sun sami abin tsokanar Kanawa.

Lalle a yaba wa masu wasan nan na biyu, don sun yi bincike. Sun sa 'yan lifidi cikin mayaƙan Hausa, watau mahayan da ake lulluɓe su da dawakansu da rigar auduga mai kauri saboda kibiya. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke Kano, kuma har yau 'yan lifidi suna fitowa a hawan salla. Amma a gefen ɗan lifidin nan sai ga wani ƙaƙƙarfan sojan fada da suka raɗa wa suna Maigadi. Kalmar gadi kuwa daga Turanci aka aro ta, kuma duk Bahaushen da ya ji ta, tsoho ne zai faɗo masa a rai, zaune a ƙofar kanti da tocila da ɗan butarsa. Mai tsaron sarki dogari ne. Haka kuma mai kiɗa da kirari sun ba shi sunan Griot, wanda Faransawa suka yi wa mawaƙan ƙasashen Mali da Sanagal, alhali ga maroƙi da sanƙira a harshen masu abin.

A cikin Civilization kuwa ba a ɗaure shugaba da ƙasarsa ba, saboda haka mai wasa yana iya ɗora Amina a kan Rum ko Masar. Ranar da wasan ya fito akwai Aksum, akwai Songhai, akwai Buganda, amma babu ƙasar Hausa ko ɗaya da za ta mulka.

Duk wannan ƙaramin abu ne idan an kwatanta da wata matsala da ta fi zurfi. Wasa ba ya iya kokwanto. Dole ne ya ba Amina fuska, da tufafi, da murya, da zamani, alhali masana ba su daidaita ba ko a kan ƙarnin da ta rayu. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara da Turanci a 1908, ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, tsakanin 1421 da 1438, ya ce ta ci ƙasashe har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, ta kuma yi shekara 34 tana yaƙe-yaƙenta. Labarin Zazzau kuwa ya ce 'yar Bakwa Turunku ce, watau ƙarni na 16, bambancin ya haura shekara ɗari ke nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi zancenta a cikin Infaƙul Maisuri, amma sunanta ba ya cikin jerin sarakunan Zazzau da aka saba karantawa, har wasu suna ganin gimbiya ce mai jagorancin yaƙi wadda ba a taɓa naɗawa ba. Yaron da ya haɗu da ita a allon kwamfuta ba zai ji ko ɗaya daga cikin wannan gardama ba.

Masu yin irin wasannin nan ba su ɓoye cewa sukan fifita abin da ido ya saba da shi a kan abin da ya auku ba. Sa'ad da kamfanin Ubisoft ya gina majami'ar Notre-Dame ta Faris a cikin Assassin's Creed Unity a 2014, ya ɗora mata doguwar hasumiyar nan mai tsini, ko da yake labarin wasan na zamanin juyin juya halin 1789 ne, hasumiyar kuwa sai a tsakiyar ƙarni na 19 aka gina ta. Bafaranshe yana da malamin makaranta da gidajen tarihi da za su warware masa wannan.

Ɗan Nijeriya fa? Wajen 2009 aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, aka kuwa yi fiye da shekara goma kafin a mai da shi. Waɗanda suka yi karatu a wannan tsakani su ne samarin da ke riƙe da wayoyi da kwamfutoci a yau, kuma ba abin mamaki ba ne idan wasu daga cikinsu a wurin Firaxis suka fara ganin siffar Amina. Ganuwar da ake jingina wa sunanta a garuruwan Hausa tana ta zaizayewa, a wasu wuraren ma an haƙe ƙasarta an yi tubali. Kufan Turunku kuwa, inda aka ce nan gidansu yake kafin a koma Zariya, yana nan a Jihar Kaduna, ba nisa da birnin Kaduna.