Mu Ne Maratayan Zomo

A wata gona da na yi aiki a Samnu, arewa da Sabha a Libiya, na ga abin da har yau yake ci mini rai. Da asuba 'ya'yan maigida suka dawo daga daji, bayan Toyota shaƙe da zomaye, suka ce in feɗe. Ina farka cikin wata zomanya sai ga 'ya'ya uku, har sun yi gashi. Samarin suna ta dariya suna ɗaukar hoto. Su ne kuma masu ƙorafin wai zomo ya yi wuya, ya daina haihuwa.

Ya daina haihuwa? Wacce kuka bari ta haihu?

Mako shida kacal zomanya take goyon ciki, kuma takan haihu fiye da sau ɗaya a shekara. Ba ta haƙa rami. A gindin ciyawa take ajiye 'ya'yanta, sau ɗaya a rana take zuwa shayarwa, bayan magariba. Daidai lokacin kuma ake kunna fitilar mota. A dalle mata ido, ta daskare, a ɗirka mata harsashi. 'Ya'yan su mutu da yunwa inda ta bar su.

A Turai tun shekarun 1960 zomayen daji ke raguwa, saboda manyan injinan noma, maganin feshi da share shingayen gonaki. A Fezzan kuwa, yankin da Samnu take, bindiga ce. Tun da makamai suka barbazu a Libiya a 2011, duk yaron da ke da mota ya zama maharbi. Barewa ta riga ta ji a jikinta.

Kada wani ya kira wannan farauta. Mafarautan Kano da Katsina da rani suke fita, a ƙafa, da kare da gora. Ruwa na sauka kowa ya koma gona, daji ya huta. Zomon da ya fi kare gudu ya sha. To wa zai tsere wa mota? Naman zomo halal ne, amma wane malami ya halatta ɓarna?

Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa. Mu 'yan ci-rani ne maratayan: mu ke riƙe fitila, mu feɗe, mu gasa, a miƙo mana cinya mu yi godiya. Ran nan ni ma na ja bakina don tsoron rasa aiki, har na ci. Wuƙata ba za ta sake shiga cikin zomanya ba, ko da za a sallame ni.