Ɗakin jinya ba kasuwa ba ne

In ciwo ya tsananta a Gure, akan kai majinyaci babban asibitin Damagaram, tafiyar kilomita wajen 160. A ɗakin masu tsananin ciwo na'urori na kuka dare da rana. Ƴan dubiya kuwa in suka ƙara da surutu da salula, barci ya ƙaura. A 1999 ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta shawarci kada ƙara ta wuce desibel 30 a ɗakin majinyata, alhali hira kaɗai takan kai 60. Rashin barci na rikita majinyaci, hayaniya kuma na hana likita jin na'urar da ke kiransa. Dubiya lada ce: a gaida mara lafiya, a yi addu'a, a fita.