Ba Kowane Tebur Ake Fitowa da Shi Tsakar Gida Ba

Maƙalar wannan makon faɗa ce, kuma da masu rubuta manhaja nake, musamman masu cewa a buɗe komai, mai nema ya zaɓi abin da yake so.

Bari in shimfiɗa zancen saboda wanda bai saba da harkar ba. Manhajojin yau suna riƙe bayani a ƙunshe: littafi abu guda ne, da sunansa da shekararsa da marubutansa duk a tare. Wannan tunani ya faro ne da yaren kwamfuta na Simula a ƙasar Norwe cikin shekarun 1960. Shi kuwa rumbun bayanai da tebura yake aiki, layi-layi da gurbi-gurbi, bisa tsarin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya gabatar a 1970. Tsakaninsu akwai kayan aiki irin su Hibernate na 2001 da Django na 2005, masu kwance ƙunshin su zuba shi cikin tebura. To idan akawu ko mai haɗa rahoto ya nemi a buɗe masa taga ya leƙa rumbun, waɗanne tebura ya kamata ya gani?

Amsar malalaci ita ce duka. Ni kuma na ce wannan gudun aiki ne aka sa masa rigar gaskiya.

Duba Django. Ka kafa sabon aiki da tsarin da ya zo da shi, kafin ka ƙirƙiri ko tebur ɗaya naka ya riga ya gina guda 10 na kansa. Akwai na tarihin gyare-gyaren rumbun, akwai na izini, akwai auth_user mai ɗauke da imel da rikitattun kalmomin sirri, akwai django_session mai makullan waɗanda suka shiga. Wanda ya kwashi makulli mai rai daga nan zai iya shiga da sunan wani. Me ya haɗa mai lissafin cinikin wata da wannan? Ka ba shi mabuɗin ɗakin ajiya, ka haɗa masa da na uwar ɗaka.

Sai kuskuren lissafi, wanda ya fi ban tsoro saboda ba ya ihu. A ce littafi ɗaya yana da marubuta 2, an kuma sa shi a rukunoni 3. A cikin manhaja abu ɗaya ne. A rumbu kuwa ya watsu cikin teburin littattafai, da na marubuta, da na rukunoni, da ƙananan tebura masu ɗaure su. Wanda bai san zaren ba ya haɗa su gaba ɗaya, sai littafin ya fito sau 6. Ya tara kuɗin, ciniki ya ninka shida, kwamfuta ba ta ce uffan ba. Da wannan rahoton za a yi odar kaya.

Ga kuma batun gado. Marubuci mutum ne, mai saye ma mutum ne. Martin Fowler, a littafinsa na 2002, ya jera hanyoyi uku na zuba wannan cikin rumbu: tebur ɗaya ya kwashe kowa, ko kowane nau'i da cikakken teburinsa, ko a ware abin da suka yi tarayya a tebur guda sauran su rataya a kansa. Kowace aka bi, zaɓin magini ne. Mai rahoto marubuta yake nema da masu saye, ba ruwansa da yadda aka ɗora bulo.

Na san abin da za a ce mini: wa ya ba ka ikon ɓoye wa mutane bayanansu? Tambayar tana da nauyi, domin mai zaɓe yana iya barin abin da ake buƙata a waje. Amma buɗe komai ma zaɓi ne, sai dai babu mai ɗaukar alhakinsa. Kuma duk teburin da ka bayyana ya zama alkawari. Ranar da ka sauya fasalinsa, rahotannin da aka gina a kansa za su rushe, a zo ana nemanka.

Abin yi a fili yake. Ka zauna da mai amfani da tagar, ka ji tambayoyin da yake yi kullum. Ka gina masa 'yan tebura da sunayen da ya sani: littattafai, ciniki, masu saye. Ka ɗaure haɗe-haɗen da kanka ta yadda layi ɗaya zai zama abu ɗaya. Ka ba shi izinin karatu kawai. Ka rubuta abin da ka bari a ciki da dalilinka, in buƙata ta taso a ƙara.

Wanda yake ganin na yi tsauri, ga fili nan a ƙasa. Amma ya zo da dalilin da zai sa akawu ya ga makullan mutane. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.