Kano na buƙatar taswirar talauci kafin ta raba tallafin karatu

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma tilas. Gwamnatin Kano ta jaddada haka a 2019, a 2024 kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. Amma duk wanda ya ratsa Kurna ko Rimin Kebe da hantsi zai ga yarinya da faranti a ka tana tallan gyaɗa, sa'o'inta suna aji. Sau da yawa abin da ya hana ta bai wuce kuɗin yunifom da takalmi da littafin rubutu ba, sai kuma 'yar ribar tallan da tukunyar gidansu ke jira. Wannan talauci a cikin gida yake, hukuma kuwa iyakarta ƙofar makaranta. Shi ya sa nake ganin birnin na buƙatar taswirar da za ta nuna, unguwa-unguwa, inda iyalai suka fi gazawa, a bi ta wajen rabon abinci da littattafai da malamai.

Alƙaluman da ke hannu ba sa yin wannan aiki. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya, na fama da talauci ta fuskoki da dama. Adadi ne mai tayar da hankali, sai dai bai sauko lungu ba. Ƙaramar hukumar Nassarawa kaɗai ta haɗa manyan gidajen Bompai da cunkoson Gama da Tudun Murtala. In aka yi rabo daidai wa daida, makarantar da yaranta ke zuwa ba karin kumallo za ta tashi da kaso ɗaya da wadda ake sauke yaranta a mota. Landan ta taɓa shiga wannan duhu. Daga 1886 wani ɗan kasuwa, Charles Booth, ya tattara bayanan jami'an da ke bin gidaje suna neman yaran da ba sa zuwa makaranta, ya shafa wa kowane titi launi gwargwadon halin mazaunansa, ya gano kusan kashi 30 cikin 100 na birnin matalauta ne. Irin wannan bincike na cikin abin da ya share fagen dokar ciyar da ɗalibai ta 1906 a can. Mu ma ba baƙin aikin ba ne. Alamar alli da ma'aikatan rigakafin shan-inna ke bari a bangon gidaje shaida ce cewa an taɓa bin Kano ƙofa-ƙofa, da mai unguwa a gaba, har aka ci ƙarfin cutar.

Akwai masu cewa wannan tonon asiri ne, kuma tsoronsu na da tushe. Magidancin da ke fita da farar riga alhali ba a ɗora tukunya a gidansa ba, mutuncinsa ne kaɗai jarin da ya rage masa. Booth kansa ya shafa wa titunan mafiya talauci baƙin launi, ya alaƙanta su da aikata laifi, wanda zalunci ne. Maganin shi ne taswirar da jama'a za su gani ta tsaya a kan unguwa da makaranta. Sunayen gidaje su zauna a hannun hedimasta da kwamitin makaranta, kada a karanta su a taro, kada a ware yaro a layi daban don a miƙa masa kwano.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: 'yan siyasa za su cusa nasu. Hakan na faruwa, kuma shakkun da aka yi ta nunawa kan rajistar marasa galihu ta ƙasa sun isa darasi. Amma rashin taswira shi ya fi yi wa ɗan siyasa daɗi, domin a nan ne yake rabo da jerin sunayen da ke aljihunsa ba mai tambaya. Da za a wallafa cewa makaranta kaza ce ta fi yawan marayu da masu fashin aji, sannan a ga buhunan sun nufi wata, iyaye na da hujjar da za su riƙe. Sharaɗin dai a gina ta a kan abin da ake iya tantancewa, kamar rajistar aji da yawan yaran da ba a taɓa sa su makaranta ba, a sabunta ta duk shekara tunda haya na korar talaka daga unguwa zuwa unguwa, kuma majalisar jiha ta ɗaure kason kowace makaranta da abin da taswirar ta nuna.