Kansiloli da sha'anin ruwa: da ruwan ciki ake jan na rijiya

Tun daga watan Yuli na 2004, lokacin da ƴan Nijar suka zaɓi kansiloli a ƙananan hukumomi 265, da wuya a girka sabuwar majalisa ba tare da takardun gayyata zuwa taron horo sun biyo sawu ba. Ma'aikatar ruwa ta horar, cibiyar CFGCT da ke makarantar ENAM ta Yamai ta horar, ƙungiyoyin ƙetare masu ayyukan raya karkara su ma sun horar. Magadan gari da kansiloli sun sha hawa mota daga Dakoro, daga Tanut, daga Madawa, su sauka Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, su yi kwana uku a zauren taro, su koma gida da jaka da takardar shaida. Shekara 20 ana haka, sai ga ranar 4 ga Afrilu 2024, hukumomin soja suka rusa majalisun ƙananan hukumomi da na birane da na jihohi baki ɗaya, suka naɗa kantomomi. Ya dace ke nan a tambaya: ilimin nan da aka kashe wa dukiya mai yawa, ina ya tafi, kuma wane iri ne za a bai wa waɗanda za su zo nan gaba?

Akwai masu cewa horon kansiloli kan sha'anin ruwa ɓarnar kuɗi ne, wai ruwa aikin injiniyoyi ne. Doka ba ta tare da su. A manyan garuruwa, gaskiya ne, ruwa yana hannun kamfanoni: SPEN ke riƙe da kadarori, SEEN ta yi rabon ruwa daga 2001 har ƙarshen 2023, sannan NDE ta gaje ta a farkon 2024. Amma a karkara, inda mafi yawan jama'ar ƙasar nan suke zaune, dokar ruwa ta ranar 1 ga Afrilu 2010 da dokar ƙananan hukumomi ta wannan shekarar sun ɗora nauyin a wuyan meri, kuma a watan Janairu na 2016 gwamnati ta sa hannu kan ƙudurin da ya miƙa wa ƙananan hukumomi ragama a fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Wanda aka danƙa wa amanar rijiyoyi da famfunan ƙauyuka ɗari, in bai san yadda suke aiki ba, an ba shi ragamar doki ne alhali bai taɓa hawa ba.

Mai karatu ya ɗauki ƙauye mai shato guda. Akwai foraj, akwai injin jawo ruwa mai aiki da gazuwal ko da hasken rana, akwai tanki a sama, akwai bututu zuwa famfunan unguwanni. Meri ce mai kayan. Ita ke ƙulla kwangila da ɗan kasuwar da zai sayar da ruwan, ƙungiyar masu shan ruwa, wadda ma'aikata ke kira AUSPE, ita ke sa ido a madadin mutanen gari, kuma a cikin kuɗin kowane bido akwai kason da ya kamata a ajiye a asusun sabunta kaya, domin ranar da inji zai mutu. To, lissafin ba ya da wuya. Lita 1000, abin da ake kira metir kib, bido 50 ne masu lita 20. In an sayar da bido dala 2, metir kib ya tashi dala 100, wato sefa 500. In rani ya yi tsanani mai famfo ya mayar da bido dala 5, metir kib ya zama sefa 1250. A shekarun 2010, ma'aikacin gwamnati mai famfo a tsakar gidansa a Yamai, a kason farko na ruwan da yake sha kowane wata, abin da yake biya a metir kib bai kai sefa 150 ba. Matar ƙauye mai tulu a ka ta fi shi sayen ruwa da tsada ninki ba ninki, kuma mutumin da doka ta ba ikon ya tashi a zauren majalisa ya ce a kawo littafin lissafi, shi ne kansila.

Abin takaici, sau da yawa ba ya tambaya, don bai san akwai abin tambaya ba. Asusun sabunta kaya ya kan tafi a hidimar da ba ta shafi ruwa ba, ko kuma ya tarar ba a taɓa zuba komai a ciki ba. Ranar da inji ya tsaya, sai a rubuta wa farfe takarda, farfe ya rubuta wa gwamna, a zauna jiran wata ƙungiyar Turawa, mata kuma su koma tsohuwar rijiya da guga da igiya, ƴan mata su bar lakkwal. Shato yana nan tsaye, an rubuta sunan wanda ya ba da kuɗin gina shi da manyan baƙaƙe, ba ɗigo.

Wanda yake ganin wannan magana ta kuɗi ce kawai, ya tuna da Tibirin Gobir. A tsakiyar shekarun 1980 aka haƙa wa garin foraj, mutane suka yi murna, suka bar rijiyoyinsu. Ruwan garau ne a ido, ba wari ba ɗaci, amma sinadarin fuluwor da ke cikinsa ya zarce miligiram 1,5 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya, nesa ba kusa ba. Shekara da shekaru yara na sha. Haƙora suka rine, ƙafafu suka lanƙwashe, ɗaruruwan yara suka nakasa, nakasar da ba ta da magani, kafin a farga a ƙarshen shekarun 1990. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kan lamarin a 2002. A duk tsawon shekarun nan babu kansilan da jama'ar Tibiri suka zaɓa. Ba wanda zai rantse cewa da akwai shi da ya tsamo yaran, amma takardar gwajin ruwa shafi guda ce, kuma koya wa mutum ya neme ta kowace shekara, ya duba lamba uku ko huɗu a cikinta, ba ya ɗaukar yini. Shirin horon da bai koyar da wannan ba, me ya koyar?

Nan ne gizo ke saƙa. Horon da aka saba yi ya fi kama da biki. Ana yin sa da Faransanci, alhali kansiloli da yawa na karkara ba su yi lakkwal ba, sai su zauna suna kallon allo ana ta jero masu PLEA da PROSEHA da SMEA kamar ana kiran sunayen aljannu. Ana yin sa a otal, nesa da kowace rijiya. Magajin gari ake gayyata, shi da sakatarensa, wani lokaci da wanda ya fi kusa da shi a jam'iyya. Kansilan adawa, wanda shi ne zai fi kowa ƙwazon bincike, ba ya cikin lissafi, mata kansiloli kuwa sai in mai ba da kuɗi ya sa sharaɗi. Ga kuma kuɗin zama, fardiyam, wanda ya mayar da taron ƙara wa juna sani wata sana'a ta daban, har ana faɗa kan wa za a tura. Laifin ba na kansiloli ba ne su kaɗai. Ma'aikatan da ke shirya tarurrukan sun san inda ribarsu take, kuma wasu injiniyoyi na ofisoshin ruwa sun fi son ilimin ya tsaya a aljihunsu, domin wanda ya sani shi ake nema.

Alhali abin da ake buƙata yana kusa. Kansiloli da yawa ƴan kasuwa ne, mutanen da ke riƙe lissafin buhu dubu na wake da albasa a ka, waɗanda ba a taɓa cuta a awo ba. Mutumin da ya san uwar kuɗi da riba, in aka zaunar da shi a gindin shato, aka buɗe masa littafin mai famfo, aka nuna masa ma'aunin ruwan da ke bakin foraj da waɗanda ke bakin famfuna, cikin harshen da ya tashi da shi, Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Barbarci ko Buzanci, zai gano ruwan da ya ɓace tsakanin ma'aunan nan tun kafin malamin ya gama bayani. Horo na gaskiya shi ne wanda ake komawa wata bayan wata, kowa ya zo da lissafin ƙauyensa, a kai ayarin su ga inda abin ya gyaru da inda ya lalace, a haɗa na masu rinjaye da na adawa a mota guda.

Akwai kuma ilimin ƙasa, wanda ke kashe ƙaryar lokacin zaɓe. Ba ɗan takarar da bai yi alkawarin famfo ba. Amma birnin Damagaram a kan dutse yake zaune, ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Turawa suka ɗauke babban birni zuwa Yamai a 1926, kuma ruwan da ake sha a birnin daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, daga Ganaram. A wasu sassan Adar sai an nutsa ɗaruruwan mita kafin a taɓa ruwa, yayin da a bakin Gulbin Maraɗi ko a Korama yana kusa. Kuɗin foraj guda a can ya isa rijiyoyi da yawa a nan. Kansilan da ya san haka, kuma ya san ƙa'idar ƙasa ta wurin ruwa guda ga mutum 250, zai iya ƙirga ƙauyukan da suka fi ƙishi, ya kuma ƙi amincewa a kai foraj na uku ƙauyen uban jam'iyya alhali maƙwabta ba su da ko ɗaya. Wannan ita ce siyasar ruwa, kuma ba a ofishin minista ake yin ta ba, a zaman kasafin kuɗin meri ake yi.

Sai dai duk horon duniya ba ya tsiro a ƙasar da ake tone shuka kowace damina. Zaɓen ƙananan hukumomi na Fabrairu 1999 ya ƙare a rikicin sakamako da juyin mulkin Afrilu. Majalisun da aka zaɓa a ƙarshen 2009 ba su shekara ba, juyin mulkin Fabrairu 2010 ya share su. Waɗanda aka zaɓa a 2011 sun zarce wa'adinsu da shekaru, ana ta yi masu ƙari har Disamba 2020, a tsakani kuma gwamnatin farar hula da kanta ta tsige magadan gari, ta rusa majalisar birnin Yamai a 2017. Na 2020 kuwa ba su cika shekara huɗu ba. Soja da farar hula, kowa ya taɓa. Duk lokacin da aka yi haka, mutumin da ya fara gane kwangila da asusu sai ya koma gona ko shago da abin da ya koya, a zo da sabo a fara daga baƙi.

Ba a ce kantomomi ba su iya aiki ba. A cikinsu akwai masu gaskiya da himma, kamar yadda a cikin zaɓaɓɓu aka samu waɗanda suka ci amana, har jama'a ba su yi kukan tafiyarsu ba. Bambancin yana wurin wanda ake jin tsoro. Kantoma yana duban wanda ya naɗa shi. Kansila kuwa a ƙauyen yake kwana, matarsa a layin famfon take, kuma ya san matan da ke layin nan su ne za su jefa ƙuri'a. Tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010, wanda aka dakatar a Yuli 2023, ya ambaci ruwan sha a aya ta 12 cikin haƙƙoƙin ɗan ƙasa. Haƙƙin da ba shi da mai tambaya a matakin ƙauye, a takarda yake tsayawa, shi ya sa batun mayar da zaɓen ƙananan hukumomi ba batun ƴan siyasa ba ne kaɗai.

Kafin ranar ta zo, akwai abin da ba ya buƙatar zaɓe ko kuɗin ƙetare. Tsofaffin kansilolin da aka horar suna nan da ransu, ofisoshin ruwa na gundumomi sun san su. A shigar da su ƙungiyoyin masu shan ruwa, a ba su damar duba littattafai. Masu shirya horo su fara da waɗanda ba sa gusawa in an yi juyi: sakatarorin meri, masu riƙe da asusu, shugabannin ƙungiyoyin mata. Ma'aikatar cikin gida kuma ta umurci duk mai riƙe da meri ya liƙa a ƙofar ofis, kowane wata uku, adadin kuɗin da ke asusun sabunta kaya na kowane shato, da ranar da aka yi gwajin ruwansa na ƙarshe, a kuma karanta su a gidan rediyon karkara ran kasuwa.