Motar lantarki ko ta fetur: a bar musu, a ɗauko kalkuleta

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, babu ɗalibin da bai zama ɗan lissafi ba. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta tsallake 1,000 a wurare da yawa. Kuɗin Adaidaita daga unguwa zuwa bakin get ya ninka, wasunmu sun koma takawa a ƙasa, wasu sun rage zuwa gida. Shi ya sa maganar motar lantarki ta shigo hirarmu, a teburin mai shayi da hostal da guruf-guruf na WhatsApp. Ɓangare ɗaya na cewa ita ce mafita, caji kawai za ka yi ka wuce gidan mai kana ɗaga musu hannu. Ɗaya ɓangaren na cewa tatsuniya ce, ƙasar da ta kasa kunna ƙwan fitila ina ita ina cajin mota.

Abin da ke damuna da wannan musu shi ne, kowa da baki yake yinsa. Wanda ya yi ƙoƙari ma, alƙaluman Turai ko Amurka zai kwaso daga intanet ya jibge mana. Mu fa 'yan kwalejin fasaha ne, an koya mana awo da gwaji tun ajin farko. Ra'ayina a taƙaice: wajen tattalin makamashi motar lantarki ta yi wa ta fetur fintinkau, amma ko za ta yi wa aljihunka tattali a Najeriya, wannan ya danganta da soket ɗin da ka jona ta. Bari mu bi abin daki-daki.

Mu fara da ma'auni. Yunit ɗin da kake saya a mita, shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya. Litar fetur ɗaya tana ɗauke da makamashin da ya kai kusan yunit 9. Matsalar ita ce injin mota ba ya iya mayar da duka wannan zuwa tafiya. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 12 zuwa 30 cikin 100 ne kawai ke isa taya, sauran ya tafi a zafi ta lagireto da salansa. Duk wanda ya taɓa ɗora hannu kan bonet bayan doguwar tafiya ya taɓa kuɗinsa da suka ƙone. Motar lantarki kuwa tana kai sama da kashi 77 cikin 100 na wutar da ta ja zuwa taya.

A aikace, ƙaramar mota irin Corolla da aka saba gani a titunanmu, cikin gari da esi a kunne, za ta sha wajen lita 9 a kilomita 100. Wato makamashin yunit 80. Motar lantarki mai girmanta za ta ci yunit 15 zuwa 20 a wannan tazarar. Mu ɗauki 18, mu ƙara kashi goma na asarar da ake yi wajen caji, ya zama yunit 20 a mita. Tamanin da ashirin ke nan, ninki huɗu. A nan kam babu gardama, masu goyon bayan lantarki sun ci.

To amma ba makamashi muke kaiwa kasuwa ba, naira muke kaiwa. Mu ɗauka lita naira 900 ce. Farashin yana hawa yana sauka, don haka kowa ya sa na gidan man unguwarsu. Lita 9 ta zama naira 8,100 a kilomita 100. A ɓangaren wuta, a watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin masu rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya ya sauko wajen 209. Mu ce 210. Yunit 20 ya zama naira 4,200. Kusan rabin kuɗin fetur ke nan, a kan wuta mafi tsada a layin gwamnati.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Mutum nawa ne a cikinmu gidansu ke samun wutar awa 20? Mun ga abin da ya faru a watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta kwana cikin duhu sama da mako guda. Mai motar lantarki a irin wannan hali, me zai yi? Janareto zai tayar. Ƙaramin janareton fetur na gida da ƙyar lita ɗaya ke ba shi yunit biyu, domin shi ma injin ƙona mai ne, irin wanda muka ce yana zubar da mafi yawan makamashinsa a zafi. Yunit 20 zai ci lita 10, wato naira 9,000, ban da baƙin mai da fulogi da ƙarar da za ta hana maƙwabta barci. Ka ga an gudu ba a tsira ba. Motar da aka saya don guje wa gidan mai ta sha fetur fiye da Corolla, sai dai ta bayan gida.

Akwai soket na uku, wanda a ganina shi ne namu: rana. A nan Arewa, farantan sola masu ƙarfin kilowat ɗaya suna ba da yunit 4 zuwa 5 a yini. Mai tafiyar kilomita 40 a rana yana buƙatar yunit 8, wato farantan kilowat biyu sun ishe shi, in motar za ta tsaya ta sha caji da rana. Kuɗin kafawa ne mai nauyi, bayan nan rana ba ta turo bil. Saboda haka mota ɗaya, hanya ɗaya, amma lissafi uku: da wutar layi ka ci riba, da janareto ka yi asara, da sola ka biya gaba ɗaya ka huta. Duk wanda ya ce maka motar lantarki ta fi araha, ko ta fi tsada, bai faɗi inda zai yi caji ba, to bai gama magana ba.

Abu na biyu da nake so mu yi hattara da shi shi ne alƙaluman da kamfanoni ke bugawa. Waɗannan lambobi a ɗakin gwaji ake samo su, mota na gudu a kan nadi, babu rami, babu ƙura, babu buhun shinkafa a but. Ɗauki Hyundai Kona mai batirin yunit 64, irin wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 2020. A ma'aunin Turai na WLTP an ce caji ɗaya zai kai ta wajen kilomita 480. A ma'aunin hukumar EPA ta Amurka, mil 258 aka rubuta mata, wato kilomita 415. Mota ɗaya ce fa, bambancin kilomita sittin da wani abu. Kada kuma masu fetur su yi dariya, domin su ma haka ne. A 2024 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da rahoto daga na'urorin da ke cikin motoci masu yawo a titi, ta gano motocin fetur da dizal suna shan mai kusan kashi 20 cikin 100 sama da abin da ke rubuce. Masu haɗa fetur da batirin da ake jonawa a soket kuwa, hayaƙin da suke fitarwa ya ninka na takarda sau uku da rabi, saboda masu su ba sa damuwa da yin caji. In haka ta faru a titunan Jamus da Faransa, me kake tsammani a hanyar da kowane kilomita sai ka taka birki saboda rami ko shingen bincike?

Wani abin sha'awa shi ne halin motocin biyu ya saɓa. Motar fetur ta fi shan mai a gosulo, inji na aiki kana tsaye wuri ɗaya, ta fi sauƙi a babbar hanya. Ta lantarki akasin haka take. In tana tsaye kusan ba ta cin komai sai abin da esi ya ja, in ka taka birki kuma motarta ta koma janareto ta mayar da wani abu cikin batir. Amma ka hau hanyar Kano zuwa Kaduna ka danna totur zuwa 120, iska za ta cinye cajin, domin turjiyar iska tana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da gudu ya ninka sau biyu. Ma'ana, cunkoson Sabon Gari ko Kasuwar Barci shi ne filin wasanta, doguwar tafiya kuwa sai da shiri, musamman da yake wuraren caji a kan hanyoyinmu ba su taka kara sun karya ba.

Sai zafi. Turawa sanyi suke kuka da shi, mu kuwa Maris da Afrilu ne matsalarmu. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta yi gwaji a 2019 ta ga cewa a zafin digiri 35 da esi a kunne, nisan da caji ke kaiwa yana raguwa da kashi 17 cikin 100. Digiri 35 ai a Sakkwato ko Maiduguri sai a ce yau gari da dama-dama. Zafi kuma yana tsufar da batir. Nissan Leaf ta farko, mai batirin yunit 24, ba ta da tsarin sanyaya batir da ruwa, kuma tun 2012 masu ita a jihar Arizona mai zafi suka fara ƙorafin batirinsu na raguwa da wuri. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin mu kasuwar 'yan Kwatano ce. Ranar da tsofaffin motocin lantarki za su fara cika wuraren dillalai, wanda bai iya auna lafiyar batir ba zai sayi gawa da fenti mai ƙyalli. Araha ba ta ado.

Na san za a ce, duk wannan lissafi na me, alhali kuɗin sayen motar ma ya fi ƙarfin iyayenmu? Gaskiya ne, kuma lissafin da kansa ya nuna wanda ya kamata ya fara. A misalinmu, rarar ita ce naira 39 a kowace kilomita. Ma'aikacin da ke yin kilomita 15,000 a shekara zai tsira da naira 585,000. Ɗan haya mai yin kilomita 150 kullum, kwana 300 a shekara, zai tsira da naira 1,755,000. Ka ga wanda zai fi saurin mayar da kuɗinsa shi ne mai tasi da mai bas da mai Adaidaita, masu zagaye cikin gari, masu komawa tasha ɗaya kowace rana inda za a iya kafa musu sola. Alhajin da zai saya don a gani a wurin ɗaurin aure shi ne na ƙarshe a layi. Abin da Mustapha Gajibo ya hango ke nan a Maiduguri, da ya fara cire injin ƙananan bas-bas yana sa musu batir da mota mai lantarki don jigilar cikin gari.

To ina mu a ciki? Jelani Aliyu, wanda aka san shi da zanen motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya tafi Amurka. Lokacin da yake shugabantar hukumar NADDC aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da sola a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato a 2021. Ba sai mun kai can ba kafin mu yi abin da ke gabanmu. Awon shan mai ba ya buƙatar na'urar miliyoyi. Cika tanki har famfo ya katse, rubuta lambar kilomita, yi zirga-zirgarka ta mako guda, koma famfo ɗaya ka sake cikawa, raba litar da kilomita. A koma famfo ɗaya ɗin yana da muhimmanci, don kowa ya san ba kowace lita ce lita ba. Ga abin hawa mai lantarki kuma, a sa ƙaramar mita a jikin soket a karanta abin da aka ja daga bango, kada a dogara da allon gaban direba, shi ba ya lissafa asarar caji.

Kowace shekara ɗaruruwanmu na rubuta furojet a ND da HND, da yawa kwafe-kwafen na bara ne da ke ƙarewa a kabad ƙura ta rufe. Me zai hana 'yan sashen kanikanci da na lantarki da na ƙididdiga su haɗa kai su auna motocin da ke jigilarmu, zango ɗaya cikin zafi, zango ɗaya cikin hunturu? A samu babur ko keke mai lantarki ko da guda ɗaya ne, a gwada shi a hanya ɗaya da lodi ɗaya da na fetur. Ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu su kai wannan magana gaban hukumar makaranta, a buga sakamakon a wannan mujalla kowa ya gani. Ko ba komai, ranar da za a zauna da direbobi kan ƙarin kuɗin mota, wakilanmu za su shiga da takarda a hannu maimakon ihu.

Motocin nan suna tafe, ko mun so ko mun ƙi, kuma za su buƙaci masu auna batir da masu haɗa tashar caji da masu gyaran inbata. In ba mu koya ba, za a ɗauko wasu daga waje su yi, mu tsaya muna riƙe musu sifana. Kafin nan, duk wanda ya tare ka da musun lantarki da fetur, yi masa tambaya uku: yunit nawa ko lita nawa a kilomita 100, wa ya auna, kuma a wane soket za a yi cajin? In ya amsa, ku zauna ku buga lissafi. In ya fara kame-kame, ka biya kuɗin shayinka ka wuce lakca.